Masauki mai ɗaki 14 a Garwa: me ya kamata a tanada saboda gobara?

Alhaji Bello Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga gini nan ana son mayar da shi masaukin baƙi. Bene ne hawa ɗaya, ɗaki 8 a ƙasa, 6 a sama, matakala ɗaya a ciki, kicin a baya, janareto a tsakar gida. Kowace taga akwai ƙarafe, ƙofar fita kuma ɗaya ce ta zaure. Masu sayar da tukwanen kashe gobara sun ce a sayi guda shida, shi ke nan an gama. Masana, haka ne?

Malam Usmanu Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba haka ba ne. Tukwanen suna da amfani, amma a jerin abin da ginin nan yake buƙata su ne na uku ko na huɗu. Masauki ya bambanta da shago ko ofis, domin mutanen da ke cikinsa barci suke yi, kuma ba su san ginin ba. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a ɗaki hayaƙi ne ya kashe su tun harshen wuta bai iso ba, kuma hayaƙi ba ya tada mai barci, ƙara nutsar da shi yake yi. Katifar soso in ta kama tana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, cikin 'yan mintoci ya cika ɗaki har ba a ganin ƙofa. Saboda haka tambaya biyu ce a gaba: me zai tada baƙo ƙarfe uku na dare, kuma in ya tashi ta ina zai fita ba tare da neman makulli ba? A yadda ka bayyana ginin, duka biyun babu amsa tukuna.

Abakar Njamena:
Malam Usmanu ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara da lissafi. Ɗaki 14, in an yi mutum biyu-biyu, 28 ke nan, ga ma'aikata. Ƙa'idar Faransa, wadda masu zanen gini da masu duba aiki na ƙasashenmu, Kamaru da Chadi, suka fi jingina da ita, ta ce wurin da bai kai mutum 20 ba ƙofa ɗaya mai faɗin santimita 90 ta isa. Daga 20 zuwa 50 kuwa, ko dai ƙofa ɗaya mai faɗin mita 1.40 da ke fita kai tsaye waje, kuma kada tafiyar mutum zuwa gare ta ta wuce mita 25, ko kuma ƙofa biyu, ɗaya 90 ɗaya 60. Ga gini irin wannan ni biyun nake ba da shawara, a kuma raba su nesa da juna. Ƙofa biyu a bango ɗaya kusa da kusa, hayaƙi ɗaya ne zai toshe su.

Ɗanjuma Kusiri:
To a nan ne nake da ja. Ku yi haƙuri yayyena, amma duk wanda ya san halin da jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru take ciki ya san ba a barin ƙofa a buɗe da dare. Ƙofa ta biyu hanya ce ta biyu ga ɓarawo, kuma ta nan baƙon da bai biya ba zai sulale. Mai masauki da ya sa kwaɗo ba mugunta ta sa shi ba.

Malam Usmanu Marwa:
Ɗanjuma, babu wanda ya ce a bar ƙofa a buɗe. Abin da ake so shi ne ta kasance a kulle daga waje, amma daga ciki ta buɗu da hannu ɗaya cikin duhu. Akwai hanya uku. Ta farko makulli mai maɓallin murzawa ta ciki: daga waje sai da ɗan makulli, daga ciki a murza kawai. Ta biyu doguwar sandar nan da ake turawa ƙofa ta buɗe, ita ce ta fi dacewa da ƙofar baya. Ta uku, in kuɗi ya yi kaɗan, sakata babba wadda ba a rataya mata kwaɗo. Maganar baƙo mai sulalewa kuwa, a sa wa ƙofar 'yar na'urar da ke yin ƙara in an buɗe, maigadi zai ji. Ƙofar ta riƙa buɗewa zuwa waje, domin in mutane suka taru a bayanta suna turawa, mai buɗewa ciki ba za ta buɗu ba.

Ɗanjuma Kusiri:
In aka sa kwaɗon aka rataye makullin a akwatin gilashi kusa da ƙofar fa?

Malam Usmanu Marwa:
Ya fi makulli a aljihun maigadi, amma bai isa ba. Ka ɗauka ba wuta, hayaƙi ya sauko har kafaɗa, ido yana hawaye, hannu yana rawa, mutum goma suna bayanka. Sai ka fasa gilashi, ka lalubo makulli, ka lalubo ramin kwaɗo. In ya faɗi ƙasa an rasa shi. Kuma irin makullan nan yawo suke yi: wani ya ara da rana ya manta bai mayar ba.

Hajiya Ladi Gaundare:
Ƙarafen taga fa Malam? Ni su ne suka fi tayar mini da hankali. Ɗakin da ƙofarsa ke kallon wuta, tagarsa kuma an yi mata walda, babu abin da mutum zai iya.

Abakar Njamena:
Hajiya, maganinsu yana hannun mai walda. A kowane ɗaki a yanke ƙarafen taga ɗaya a mayar da su a kan hinji, su zama kamar ƙofa, da sakata ta ciki a wurin da hannun da aka zuro daga waje ba zai kai ba, ko a rufa mata ɗan farantin ƙarfe. Wurin ya isa babban mutum ya wuce. A riƙa ɗiga wa hinjin mai, kuma in an zo fenti kada a shafe su, don fenti da tsatsa suna kama su har sai da guduma. A sama kuwa tagar ba hanyar dira ba ce, wurin da tsanin 'yan kwana-kwana zai samu mutum ne. Ɗakunan saman nan shida suna buƙatar matakala ta biyu, ta ƙarfe a waje, a ƙarshen baranda nesa da ta ciki. Matakalar ciki in wuta ta tashi a ƙasa tana zama kamar bututun gidan burodi, duk hayaƙin ta nan zai hau. A sa mata ƙofa mai rufe kanta a ƙasa da sama, kuma kada a mayar da ƙarƙashinta sito. Nan ake yawan cusa tsofaffin katifu da gwangwanayen fenti.

Wannan ba tsanani ba ne. A Afrilun 2005 wani ƙaramin otal ya kama wuta a birnin Paris, mutum 24 suka rasu, da yawansu yara. Bayan haka, a 2006, Faransa ta tsaurara dokar ƙananan otal-otal: killace matakala, ƙofofin ɗaki masu tare wuta na rabin awa kuma masu rufe kansu, na'urar gano hayaƙi, da ma'aikacin da ke nan dare da rana.

Injiniya Sani:
Akwai wani wuri da ba a taɓa ba, kuma a ginin da muke yi a nan shi ne ya fi yaɗa wuta: tsakanin silin da kwano. Magini yakan tsayar da bangon ɗaki daidai silin, sai sama ta zama fili ɗaya daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan. A cikinta akwai busasshen katako da zafin bazara ya gasa shekara da shekaru, ga wayoyin wuta a kwance a kansa, ga ƙurar hunturu da sheƙar ɓera. Wuta ta kama a ɗaki na uku, ta huda silin, kafin a ankara ta faɗo a ɗaki na shida alhali ƙofarsa a rufe take. Gyaran shi ne a ɗaga bangon bulo har ya taɓa kwano, a toshe gefen da siminti. In ba a iya yi wa kowane ɗaki ba, a yi tsakanin baranda da ɗakuna, da kewayen kicin, da bayan kowane ɗaki biyu. Silin ɗin roba kuma a guje shi a baranda da kan matakala, narkewa yake yi yana ɗigowa a kan masu gudu, hayaƙinsa kuma yana ƙona ido da maƙogwaro. Gobarar gidan rawan nan na unguwar Bastos a Yawunde, a Janairun 2022, silin ne ya fara kamawa daga tartsatsin wasan wuta, aƙalla mutum 16 suka rasu.

Alhaji Bello Garwa:
Injiniya, tunda ka shigo, yi mana bayanin wayoyin. Ginin gidan zama ne a da, yanzu kuma kowane ɗaki za a sa masa na'urar sanyi.

Injiniya Sani:
To Alhaji, a nan hatsarin yake. Wayar da aka ja don fanka da ƙwai biyu ba za ta ɗauki wannan nauyin ba. Layin fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da dijonkta, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa, mai amfiya 10 (amfiya ma'aunin wutar da ake ja ne). Layin soket waya 2.5 da dijonkta 16, iyaka 20. Kowace na'urar sanyi layinta daban tun daga allon rarraba wuta, waya 2.5, haka ma hitar banɗaki. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana jan amfiya 5 zuwa 6 a wutarmu ta 220, lokacin tashi kuma ta ninka haka sau da yawa. In wuta ta yi rauni, kamar yadda take yi a Maris da Afrilu, injin ya ƙara ja, waya ta ƙara zafi.

Kuskuren da ya fi yawa: dijonkta tana yawan faɗuwa, sai a cire ta a sa babba. Ita aikinta kare waya ne. Ka sa mai amfiya 32 a kan waya 1.5, wayar za ta yi zafi har robarta ta narke a cikin silin, dijonktar tana tsaye ba ta faɗi ba. Na biyu, wayar jabu: waje jan ƙarfe, ciki alminiyam. A kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a mayar wa mai shago. Na uku, haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Duk haɗi a yi shi cikin akwatinsa da abin ɗaurewa mai kusa, wayar kuma a cikin bututu. Kusar da ta saki tana yin zafi ba tare da wata dijonkta ta sani ba, shi ya sa sau ɗaya a shekara ake kashe wuta a bi allon a ƙara ɗaure kowace. Soket da ya yi baƙi a baki ko yake warin ƙonanniyar roba, a canza shi ranar.

A sa kuma dijonkta mai gano yoyon wuta ta miliamfiya 30, tare da wayar ƙasa ta gaske. Tana da maɓallin gwaji, a danna duk wata, in ba ta faɗi ba ta mutu.

Maman Fa'iza:
Injiniya ka manta da abin da baƙi ke zuwa da shi. Hitar shayi tana cin wat 2,000, wato amfiya 9. A haɗa ta da dutsen guga a kan soket mai baki da yawa irin na kasuwa, wanda siririyar wayarsa ba ta wuce amfiya 6 ba, ai sai ya narke a kan kafet. Gara kowane ɗaki a yi masa soket uku ko huɗu a bango don kada a buƙaci na jawowa. Sannan ɗaukewar wuta: mutum yana guga aka ɗauke, ya bar dutsen a kan gado ya fita, aka kawo bayan awa biyu. Guga a ware mata wuri ɗaya a ƙasa, a hana ta a ɗaki.

Hajiya Ladi Gaundare:
Kicin kuma ga nawa. Tukunyar gas ta kilo 12.5 a tsaye ake ajiye ta, ba a kwance ba, nesa da murhun gawayi da rana. Waɗanda ake ajiye su don canji a kai su waje cikin keji mai shan iska. Gas ɗin ya fi iska nauyi kusan sau biyu, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka kicin yana buƙatar kafar iska a ƙasan bango, ba taga a sama kaɗai ba. Kashi 2 cikin 100 a iskar ɗaki ya isa ya tashi. Tiyo yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, in ya wuce ko ya fara tsagewa a canza, a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe. Gwaji da ruwan sabulu ake yi, kumfa ta nuna yoyo. Ba da ashana ba, don Allah. In an shigo da safe aka ji wari, kada a taɓa makunnin fitila ko kunnawa ko kashewa, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofofi a fita.

Man suya in ya kama, ruwa haramun ne a kansa. Ruwan yana nutsewa ƙarƙashin man ya zama tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watsa man mai ci har silin. A kashe gas, a zura murfi a kan kaskon ko a rufa bargon kashe wuta, a bar shi ya huce, kada a ɗaga a leƙa, kada kuma a ɗauki kaskon a yi waje da shi.

Ɗanjuma Kusiri:
Janareto fa? A nan kowa da jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi, a ajiye, kuma baburan baƙi a zaure suke kwana saboda tsaro.

Injiniya Sani:
Ƙanena, zauren da aka ce shi ne ƙofar fita ɗaya tilo, a cika shi da babura kowanne da fetur a tanki? Wannan a daina tun kafin a karɓi baƙon farko. A yi musu rumfa a tsakar gida nesa da ƙofofi. Janareto a ba shi aƙalla mita 6 daga tagogi, salansa yana kallon waje, domin hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ko babu gobara. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Jarkoki a wani ɗaki daban mai iska, ba kusa da shi ba, ba a rana ba, da bokitin yashi a ƙofa. Haɗinsa da gida kuma sai ta makunnin canji, wanda ba ya barin wutar kamfani da ta janareto su haɗu. Masu sola, a sa fis kusa da batir, ɗakin batiran kuma ya sha iska.

Alhaji Bello Garwa:
Na gane. To abin da zai tada mai barcin?

Malam Usmanu Marwa:
Na'urar gano hayaƙi mai batir, wadda aka rubuta wa EN 14604, lambar ƙa'idar ingancinta ta Turai, ƙararta desibel 85 a nisan mita 3. A silin ake kafa ta, rabin mita daga bango, nesa da fanka da bakin na'urar sanyi don kada iska ta kore hayaƙin. A baranda ta kowane hawa, a kan matakala, a sito, a wurin karɓar baƙi, sannan a kowane ɗaki. A nemi masu haɗuwa da juna, ɗaya ta yi ƙara duka su ɗauka, in ba haka ba wadda ke sito za ta yi ta kuka babu mai ji a sama. Kicin a sa masa mai gano zafi.

Maman Fa'iza:
Malam, ta cikin ɗaki ban yarda da ita ba. Turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, sigari, ga ƙurar Disamba da Janairu. Za ta yi ta ƙara a banza, baƙo ya hau kujera ya zare batirin, washegari babu wanda ya sani. A tsaya a baranda.

Malam Usmanu Marwa:
Hajiya, ta baranda tana ceton maƙwabtan ɗakin, amma wanda katifarsa ce ta kama, kafin hayaƙi ya ratsa ƙofa ya kai baranda shi ya riga ya shaƙa. Matsalar da kika faɗa gaskiya ce, ga maganinta: a sayi mai batir a rufe na shekara 10 wanda ba ya zaruwa, mai maɓallin yin shiru na 'yan mintoci. Mai shara ta riƙa ɗaga kai ta ga ɗan hasken yana ƙiftawa duk sanda baƙo ya tashi. Da hunturu a goge ƙurar duk wata da burushi mai laushi. Maganin sauro mai hayaƙi kuwa ni cewa nake a hana shi a ɗaki gaba ɗaya, a sa raga a taga da gidan sauro, domin a gefen katifa da labule ake ajiye shi.

Maman Fa'iza:
In mai batir a rufe ce, na sauko. Amma a rubuta gwajin wata-wata a littafi da sa hannu, in ba haka ba wata biyu za a yi a daina.

Abakar Njamena:
A haɗa da fitilun gaggawa masu batir, waɗanda ke kama kansu in wuta ta ɗauke su yi awa ɗaya, a saman kowace ƙofar fita da kowace kwanar matakala. Bayan ƙofar kowane ɗaki a manna zanen hanyar fita da kibiya, bayani da Faransanci da Hausa da Fulatanci, a Chadi a ƙara Larabci, amma zanen ya fi rubutun muhimmanci don ba kowane baƙo ke karatu ba.

Yanzu tukwanen da aka fara tambaya a kai. Ƙa'idar Faransa ta ƙananan wurare ita ce ɗaya ga kowane murabba'in mita 300, kuma aƙalla ɗaya a kowane hawa. A aikace kada mutum ya yi tafiyar fiye da mita 15 kafin ya kai ga ɗaya. Ga wannan ginin: biyu a barandar ƙasa, biyu a sama, masu ruwa lita 6 ko masu hoda kilo 6. Mai iskar CO2 kilo 2 kusa da allon wuta. Mai hoda kusa da janareto, wata kuma a ƙofar kicin tare da bargo. A rataye su a bango, mariƙin bai wuce mita 1.20 daga ƙasa ba, a inuwa.

Injiniya Sani:
Abakar, a baranda ni mai ruwa na fi so. Hoda a wuri matsattse tana rufe ido gaba ɗaya, ga tari, kuma ba ta sanyaya soso. Katifa takan mutu a sama tana ci a ciki, sai an fitar da ita an jiƙa ta sharkaf. Ita ma CO2 ba ta katifa ba ce, kuma ba a riƙe bakinta da hannu, sanyinsa yana ƙona fata.

Abakar Njamena:
Na yarda, in akwai mai cika ta a garin. A duba wannan kafin a saya. Kowace iri ce, sau ɗaya a shekara mai sana'ar ya duba ya manna takarda. Mai agogon nuna matsin iskar ciki, allura ta tsaya a kore. Akwai marasa agogo masu ƙaramin kwalban iska a ciki, waɗanda sai an zare fil an danna an jira sakan biyu ko uku. CO2 a sikeli ake gane ko a cike take. Mai hoda a riƙa kifa ta duk wata don kada hodar ta dunƙule. Kuma a sani tukunyar kilo 6 sakan 15 ne kawai ko kusa da haka. A tsaya mita 2 zuwa 3, ƙofa a bayanka, a nufi gindin wutar ana kaɗawa hagu da dama. Ta ƙare wuta ba ta mutu ba, a ja ƙofar ɗakin a rufe a fita.

Malam Usmanu Marwa:
Saura mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya: ma'aikacin dare da maigadi su yi atisaye sau biyu a shekara, kowa ya taɓa fesa tukunya da hannunsa. Jerin aikinsu: a tada kowa da ƙara da bugun ƙofofi, a kira 118 a Kamaru ko 18 a Chadi tun kafin a fara gwada kashewa, a kashe babbar dijonkta, a rufe gas, a fito da rajistar baƙi a ƙirga mutane a wuri ɗaya da aka sani a waje. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama sananniya, hawa nawa ne, ko akwai wanda ya maƙale, da inda gas da fetur suke. A tura yaro bakin titi ya tari motar, tunda lungunanmu ba su da suna. A nemi lambar ofishin pompiye, wato 'yan kwana-kwana, na garin kai tsaye a manna kusa da 118.

Ta fuskar takardu Alhaji, a Kamaru masauki yana ƙarƙashin ma'aikatar yawon buɗe ido, bisa dokar 2016, kuma sai da izininta ake buɗewa. A je ofishinta na Garwa a karɓi jerin abin da za a haɗa, a kuma gayyaci pompiye su zaga ginin tun ba a yi fenti ba, don gyaran da suka nuna ya zo kafin a kashe kuɗin ado. A yi inshorar gobara wadda ta haɗa da baƙi da maƙwabta.

Alhaji Bello Garwa:
Allah ya saka da alheri. Kuɗin ba zai ɗauki duka a lokaci ɗaya ba. Matakalar waje za ta iya jira zuwa bayan damina?

Abakar Njamena:
Za ta iya, in ɗakunan sama ma za su jira. A buɗe takwas na ƙasa bayan an gama ƙofar baya, tagogi, wayoyi, bangon cikin silin da na'urorin hayaƙi. Shida na sama a bar su a kulle, babu katifa a ciki, a kashe layinsu daga allo, har ranar da mai walda ya kafa matakalar aka hau aka sauka aka ga ta yi.